Sa Hannu

A gida mai lamba tara, can ƙarshen layi a Colchester,
bango bai da wurin numfashi.
Hotuna ne tun daga ƙofa har gindin bene,
kowanne da gilashinsa, kowanne da sa hannu a ƙasa.

Mista Thurgood, shekara tamanin da bakwai,
talatin daga ciki ya yi su ƙarƙashin hular ɗan sanda.
Ni ce mai zuwa ƙarfe bakwai na safe
in ɗumama madara, in ƙirga ƙwayoyi,
in saurara.

"Tabawa," yana jan sunana kamar igiyar guga,
"wannan wani ɗan sarki ne ya sa wa hannu
ranar da ya buɗe bariki a bakin teku.
Dubi wutsiyar harafin ƙarshe.
Mai jabu ba ya iya wannan lanƙwasa,
hannun ɓarawo sai ya tsaya ya yi tunani."

A gwanjo ya saye shi, fam ɗari huɗu,
shekarar da matarsa ke son sabon murhu.
Ta yi fushi har sanyi ya wuce.
Yanzu hotonta kaɗai ne ba sa hannu a ɗakin,
ɗan ƙarami, kusa da agogo.

Akwai takardar yabo ga wata bataliya,
tawadar ta koɗe ta koma ruwan shayi.
Akwai jerin abincin liyafar hafsoshi
da wata gimbiya ta rattaba wa suna a kan miyar kifi.
Akwai kulki mai zanen kambi,
ba ya yarda ruwa ya taɓa shi.
Madubin ƙara girma na aljihun rigar sanyinsa,
da shi yake kama ƙarya, in ji shi,
yadda yake kama ta a titi lokacin da gwiwa ke da ƙarfi.

Ran Talata aka kawo takardar asibiti.
Layi ɗaya ake so ya cike.
Alƙalami ya hau rawa,
harafin farko ya fita kamar sawun tururuwa.
Ya sake, ya huda takardar.
Mutumin da ya tara sunayen gidan sarauta arba'in,
nasa ya ƙi zuwa.
Ya juya fuska ga taga,
ruwa na tsiyaya a kan motocin maƙwabta.

Ban san abin da ya buɗe bakina ba.
Na ce kakana ma soja ne, Kofur Tanimu,
ya haye teku zuwa yaƙin da bai san mafarinsa ba,
ya dawo da tari da lambar tagulla.
Bai taɓa riƙe alƙalami ba.
In ya je karɓar fansho
babban yatsa yake dangwalawa.

Washegari na zo da takardar, a naɗe cikin ɗankwali.

Ya ciro madubinsa. Ya daɗe.
Ya bi zanen yatsan zagaye bayan zagaye
kamar mai duba kunyoyin gona bayan ruwan farko.
Ya ce, "Shekara hamsin ina saye,
ban mallaki ko ɗaya da ba a iya kwaikwaya ba.
Nawa?"
Na ce ba na sayarwa ba ne.
Ya yi dariya har ya sarƙe:
"To, kin zama ɗaya daga cikinmu."

Takardar asibiti, na tallafi gwiwar hannunsa,
muka ja wani abu karkatacce, suka karɓa.

Ina haɗa jakata ya ce in buɗe aljihun tebur,
akwai tawadar hatimi, ta kusa bushewa.
Ya ce in miƙo hoton da ke kusa da agogo.
Na cire gilashin.
Ya hura wa tawadar numfashi sau biyu,
ya dangwala yatsa,
ya danna a ƙasa, daidai inda sarakuna ke sa nasu.

Na mayar da ita wurinta.
Motar ƙarfe tara ta wuce ni ran nan,
na taka a ƙasa cikin yayyafi,
da shuɗin tawada a bakin hannun rigata.